Ƙararrawar Gangaren Marke

Bayan sallar isha'i aka ɗauke wuta. Sai ga Ladidi da Mudi, 'ya'yan Gwaggo Asabe, sun jawo tabarma har gindin kujerata, wai labari suke so. Na ce to, amma duk wanda ya jiƙa shimfiɗa babu ruwana.

"Yaya Ɗanliti, ka fara kawai," in ji Ladidi. "Mun san rabi ƙarya ce."

"Rabin da ya rage shi zai hana ki barci. Kowa ya yi bisimilla. Waɗanda zan ambata suna da kunne, kuma ba sa son a shiga hirarsu babu sallama. Mudi, kashe tocilan nan."

Ya kashe. Ga abin da na ba su.

A lokacin ina gyaran waya a layin dogo. Daga birni har ƙarshen layi babu turken da ban hau ba, kuma ba a taɓa yin mai saurin hawa kamata ba. Ku tambaya.

Wayar da nake gyarawa ba irin ta aljihunku ba ce, wayar kwanturola ce. Kwanturola shi ne mutumin da ke zaune a ofis a birni, yana cewa wannan jirgi ya tashi, wancan ya jira. Zare biyu ne na jan ƙarfe suka taso daga teburinsa, suka bi turaku, suka ratsa daji har tasha ta ƙarshe. Kowace tasha a jikinsu ta rataya tarhonta, kamar yadda kowa a gidan nan yake shanya a igiya ɗaya.

"To in ya buga, ba duka za su yi ƙara ba?" in ji Mudi.

"Ka ga amfanin ƙaton kai. Haka za a yi, ba don wani ɗan akwati ba."

A bangon kowace tasha akwai akwati mai murfin gilashi, mu ma'aikata muna ce masa silekta. A cikinsa akwai faifan ƙarfe mai haƙora, bai fi murfin gwangwanin madara ba. An soka masa fil a wuri uku, kuma inda aka soka na kowace tasha daban ne. A gaban kwanturola kuma akwai allo, kowace tasha da mabuɗinta. In ya murɗa mabuɗi ya saki, bugun wuta zai bi waya kashi uku, da ɗan numfashi a tsakani. Duk faifan da ke kan layi sai ya motsa, ƙas, ƙas, ƙas, kowane bugu haƙori ɗaya. Da an yi numfashin farko, faifan da yake da fil daidai wurin sai ƙugiya ta riƙe shi. Wanda ba shi da shi, wani sifirin da ke bayansa ya fizge shi ya koma farko, ba zai ƙara kamo tafiyar ba. A sake bugu, a sake zubar da wasu. Kafin kashi na uku ya ƙare, faifai ɗaya tak ne zai kai ƙarshe, ya taɓa wani ɗan harshe, ƙararrawar tasharsa ta kaɗa. Kwanturola kuma ya ji amonta a kunnensa.

"Kamar Gwaggo ce ta leƙo ta ce, kai, duk yaran gida suka ɗago. Ta ce, mai jar riga, rabi suka sunkuya. Ta ce, wanda ya lashe man miya, sai Mudi kaɗai ya rage a tsaye."

"Ba ni na lashe ba."

"Ba shari'a muke yi ba. Saurara."

Tasha ba ta iya kaɗa wa kowa ƙararrawa. In kana son magana, ɗaga tarho kawai za ka yi, ka danna maɓalli, kwanturola yana jinka a lasifikarsa, duk mai tashar da ya ɗaga nasa ma yana ji. Kuma babu abin da ke barin tasha ya hau layi, jirgi ne ko keke, sai kwanturola ya faɗa da bakinsa cewa ya ba shi hanya.

Kwanturolanmu Malam Yero ne, Bazazzagi. Ni kuma Bakano. Kun san wasan da ke tsakani. Bai taɓa kirana da sunana ba sai bawana, ni ma haka nake kiransa. Ban taɓa gaya masa magana ya yarda ba, shi ma bai taɓa gaya min na yarda ba. Haka kakanninmu suka bar mana.

Wata rana da bazara waya ta kama gunji tsakanin Kafin Doka da Tudun Gamji. Abokin aikina Haladu ya tafi suna, sai na ce ni kaɗai na isa. Na ɗora keken dogo a kan layi, irin mai ƙafa uku ɗin nan da ake tuƙawa, Malam Yero ya ba ni hanya, na shiga daji ina duba turaku.

Ku dare kuke tsoro. Mu da muka yi aikin daji, rana tsaka muke tsoro, lokacin da inuwar mutum take shigewa ƙarƙashin ƙafarsa.

A daidai lokacin na iso Gangaren Marke.

Tsohuwar tasha ce, an rufe ta tun kafin a haife ni. Na sha wucewa ta wurin. Kango ne, babu rufi, babu ƙyaure, sai awakin Fulani da ke fakewa a ciki. Ran nan na gan ta da rufin kwano. Na gan ta da farar ƙasa a bango, an share gabanta tas, har sawun tsintsiya yana nan. Daga kan turke kuma waya ta sauko ta shiga ta ƙarƙashin rufi. Na ce yauwa, ga ɓarawon da ke tsotse min layi.

Na sauke keke, na ɗauki jakar aiki, na yi sallama.

Aka amsa.

Ɗakin da sanyi. A waje gyare na kuka kamar zai fasa kunne, amma ina tsallaka bakin ƙofa kukan ya ɗauke. Ga tuta ja da kore a naɗe. Ga randa tana zufa. Ga silekta a bango, tarho a ƙarƙashinsa. A bayan tebur wani mutum yana zaune da farin kaki mai maɓallan tagulla, irin wanda aka daina ɗinkawa. Teburin ya rufe shi daga ƙugu zuwa ƙasa.

Ya ce, "Sannu da zuwa, mai gyara."

Na tsaya. Sannun da muryar mai tashar Kafin Doka ta fito, har da ɗan tarinsa. Da zuwan, muryar wani Bayarabe ce da ke tuƙa jirgin kaya. Mai gyaran kuwa, wallahi Malam Yero ne. Kowace kalma da mai ita. Kuma sai maganar ta fito tukuna leɓɓansa suke biyo ta, kaɗan-kaɗan a baya.

Ladidi ta matso kusa da Mudi. "Sai ka gudu."

"Ni? Wa ya taɓa ganin ƙeyata?"

Na ce masa, ranka ya daɗe, yaushe aka buɗe tashar nan?

Ya ce, "Ba a rufe ba. Kira ne ba ya zuwa." Ya nuna akwatin da haɓa. "Yana motsi, ba ya kaiwa. Sun ce yaran yanzu ba su iya gyaran irinsa ba."

Wannan maganar ita ta taɓa ni. Na buɗe murfin. Fil na uku ne ya lanƙwashe, shi ya sa faifan yake zamewa. Na zaro filaya, na miƙar da shi, na ɗiga mai, na goge harshen da ƙyalle. Kafin ka sha ruwan moɗa ɗaya na gama. Aiki mai kyau, ko yau ba na jin kunyarsa.

Ya ce, "Madalla. Yanzu in ta kaɗa, kai za ka amsa."

Na ce, ni ba mai tasha ba ne.

"Wanda ya amsa shi ne mai tasha. Na daɗe ina jiran canji."

Na yi dariya, na rataya jaka, na ce a huta gajiya. Ƙofa a buɗe take. Ina ganin kekena, ina ganin rana tana rawa a kan dogo. Na ɗaga ƙafa zan fita, ta ƙi sauka. Babu wanda ya riƙe ni. Babu bango. Kawai ƙafar ce ta tsaya a iska, kamar ba tawa ba. Na gwada ta hagu. Na gwada da baya. Na gwada taga, kaina ma ya ƙi leƙawa.

"Ba a ba ka hanya ba," in ji shi. Wannan karon duk da muryar Malam Yero.

Na jingina da bango na karanta abin da na sani. Bai hana ni ba. Ya sunkuyar da kai har na kai ƙarshe, ya shafa tare da ni. Ya ce, "Ba cutarka zan yi ba. Aiki zan miƙa maka. Ga randa, ba ta ƙarewa."

Akwatin ya motsa.

Ƙas, ƙas, ƙas. Numfashi. Sai faifan ya zame ya koma. Wata tasha ake kira.

Ban taɓa sanin ƙarar nan tana da nauyi ba sai ranar. Na koma da sauri in sake lanƙwasa fil ɗin da na miƙar. Ya ƙi. Fil ɗin da na taɓa da hannuna yanzu-yanzu ya yi tsatsa, ya kafe kamar tare aka ƙera su da faifan. Filaya ta zame ta yanke ni. Na dubi wayar da ta shigo ta rufi, na ɗora mata bakin filaya.

Ya ce, "Yanke. In ka yanke, wa zai ba ka hanya?"

Na sauke hannu.

Na ce, to in ta kaɗa na yi shiru fa?

"Bakinka zai amsa. Ba ya shawara da mai shi."

Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Numfashi. Ƙugiya ta riƙe. Aka sake bugu, a numfashi na biyu ya zame. Wata tasha ce mai farkon lamba irin tamu. Mutumin ya sauke ajiyar zuciya da muryar wata tsohuwa da ban sani ba.

Na lissafa abina. An rufe tashar, babu dalilin da zai sa a kira ta. Abin da nake buƙata kalma huɗu ce kacal daga bakin Malam Yero. Na ɗaga tarho, na danna maɓalli.

"Kwanturola. Ɗanliti ne, mai gyara."

"A'a, bawana," in ji Malam Yero. Ina jin yana tauna goro. "Ka gano gunjin, ko inuwa ka samu ka kwanta irin na Kanawa?"

"Malam Yero, ka ba ni hanya zuwa Tudun Gamji."

"Ai na ba ka tun ɗazu."

"Na shiga tasha. Sabuwa nake so."

"Wace tasha a tsakiyar daji?"

Na dubi mai farin kaki. Idonsa yana kan bakina, leɓɓansa suna motsi a hankali, babu sauti.

"Gangaren Marke."

Malam Yero ya kwashe da dariya har ya sarƙe. "Yau kuma da wannan ka zo? Ran nan ka ce min giwa ta kwanta a kan layi."

"Wannan ba wasa ba ne. Don Allah."

"Bakano yana cewa don Allah, lallai akwai abin da ya ƙulla. Tsaya. Ga mabuɗinta ma har yanzu a jikin allo, ƙura ta cinye shi. Bari in murɗa. In na ji amon ƙararrawa, na san kana can."

"Kada ka murɗa."

"Ka ga. Ƙarya ta fara tsoro."

"Malam Yero, kada ka taɓa mabuɗin nan."

Ƙas.

Biyar suka shiga, ƙugiya ta riƙe. Bakwai suka shiga, ƙugiya ta riƙe. Mai farin kaki ya dafa tebur da hannu biyu, ya fara gyara wuyan rigarsa kamar wanda jirginsa ya iso. Kashi na uku ya fara. Na maƙale tarho a kafaɗa, na cusa babban yatsana a cikin akwatin, na danne faifan.

Saura haƙori ɗaya.

Ku sani, faifan nan ba shi da wani ƙarfi. Ko kyankyaso ya shiga yakan tsayar da shi, kuma da bugu ya ƙare yake komawa. Wannan bai koma ba. Ya ci gaba da turo yatsana kamar sa ya sa kafaɗa a garma. Haƙoran suka shiga fata. Na ji ɗumin jini yana bin hannuna zuwa gwiwa.

"Shiru," in ji Malam Yero. "Babu amo. Na kama ka."

Mai farin kaki ya koma ya jingina. Ya ce, "Hannu yana gajiya."

Ga ni nan tsaye. Hannu ɗaya a akwati, ɗaya a maɓalli, wuya a karkace. Ba halin zama, ba halin sakewa. Zufa tana shiga idona, babu hannun gogewa. Ta ƙofa ina hango wani ɗan ƙadangare ya hau sirdin kekena yana gyaɗa kai, ban taɓa yi wa wata halitta hassada irin wadda na yi masa ba.

"Malam Yero," na ce, "na yarda ka kama ni. To ka faɗa kawai, ka ce ka ba ni hanya daga Gangaren Marke. Me zai rage maka?"

Ya yi wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Na san dariyar nan. Bazazzagi ya ga Bakano a rami.

"Zan faɗa," in ji shi. "Amma sai ka biya. Jama'ar layi, duk wanda yake kusa ya ɗaga tarho, yau akwai wa'azi."

Na ji ana ɗagawa, ɗaya bayan ɗaya. Kafin Doka. Tudun Gamji. Har da na can ƙarshen layi, wanda muryarsa ke zuwa kamar daga rijiya.

"Faɗa musu su waye iyayen gidan Kanawa."

"Yaya, ka faɗa?" in ji Mudi.

"Bari ka ji mana."

Faifan ya ƙara turowa. Na ji ya taɓa ƙashi.

Na ce, "Zage-zagi."

"Ba mu ji ba. Layin yana gunji, mai gyaran ba shi da kirki," in ji Malam Yero.

"Zage-zagi ne iyayen gidan Kanawa."

Layi ya ɗauki dariya. Sai mai farin kaki ya buɗe baki, duk dariyar nan ta fito ta cikinsa, ta mutum goma ko fi, a maƙogwaro ɗaya. Fuskarsa ba ta yi dariyar ba. Idonsa yana nan a kan leɓɓana.

"Saura," in ji Malam Yero. "Ka sa sunanka, kada gobe ka ce ba kai ba ne. Ka ce, ni Ɗanliti, ranka ya daɗe."

Na gane abin da mutumin yake yi da leɓɓansa tun ɗazu. Tsinta yake yi. Duk kalmar da ta bi ta wayar nan tasa ce, haka ya tara na sauran. Amma yatsana ya fara mutuwa, ban ƙara jin inda ya tsaya ba.

"Ni Ɗanliti," na ce. "Ranka ya daɗe."

Mutumin ya haɗiye wani abu.

"Yauwa, ɗan albarka," in ji Malam Yero. "To bawana, na ba ka hanya daga Gangaren Marke zuwa Tudun Gamji. Ka gaishe min da mutanen gidan."

Kukan gyare ya faɗo cikin ɗakin a take. Zafin waje ya bugi fuskata. Hanya ta buɗe.

Amma yatsana yana cikin akwati, ƙofa kuma tana can ɗaya bangon. In na saki, haƙori ɗaya ne ya rage.

Mai farin kaki ya miƙe. A lokacin na ga abin da tebur ya ɓoye. Wandonsa ya sauko har ƙasa, a goge, da kari. Amma babu takalmi a ƙarshensa, babu ƙafa. Daga kowace ƙafar wando zaren jan ƙarfe ne ya fito ya nutse cikin daɓe. Ya zagayo teburin, zaren yana biyo shi yana ƙara kamar ana jan guga. Bai yi sauri ba. Ya tsaya tsakanina da randa, ya miƙo min tutocin nan biyu.

"Karɓi. Ja ta tsayarwa ce."

Na saki maɓalli. Na bar tarho ya faɗi yana lilo. Na cire hulata, na dunƙule ta, na cusa a baki har maƙogwaro, na danne da tafin hannu.

Na zare yatsa.

Ƙas.

Ban taɓa jin ƙararrawa irinta ba. Ba a kunne ta kaɗa ba, a haƙorana ta kaɗa. Ina tsakiyar ɗaki ƙirjina ya cika da iska da kansa. Harshena ya tashi yana neman hanya, yana tura hular, sunan tashar yana hawowa kamar amai. Na cije. Na tattara abin da ya rage min na yi tsalle ɗaya, na faɗa waje da kafaɗa a kan tsakuwa.

Na yi rarrafe har gindin keke, hula tana bakina.

Ƙararrawar ta tsaya. Na ji an ɗauki tarhon da ke lilo. Sai wata murya ta fito daga ɗakin, guda ɗaya, babu haɗi, babu faci.

"Gangaren Marke. Ni Ɗanliti, ranka ya daɗe."

Muryata ce. Har da yadda nake jan ƙarshen magana.

Ladidi ta kama hannun Mudi. Babu wanda ya ce rabi ƙarya ce.

Na ɗora keke a layi, na tuƙa da hannu ɗaya. Ban cire hular ba sai da na hango tankin ruwan Tudun Gamji. Mai tashar yana ganina ya fara dariya, ya ce ga bawan Zage-zagi. Da ya ga hannuna sai ya daina. Ya dube ni, ya dubi tarhonsa, ya ce, "In kai ne nan, to wa nake ji a waya yanzu?"

Na karɓi tarhon na kara a kunne. Ina jin kaina ina hira da Malam Yero. Ina tsokanarsa, yana ramawa. Sai na ji na ce, "Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Don Allah ka turo min Haladu."

Na danna maɓalli na ce, "Malam Yero, kada ka tura kowa."



"Wanne ne a cikinku?" in ji shi. Babu goro a muryarsa yanzu.

"Murɗa mabuɗin Tudun Gamji. Wanda ƙararrawa ta kaɗa a kansa shi ne ni."

Ya murɗa. Ta kaɗa a saman kaina, ya ji amonta, mai tasha ya karɓa ya rantse masa cewa ga ni tsaye ina zubar da jini a daɓensa. Ɗayan bai ƙara magana ba. Sai dai muna jin numfashinsa a layin, a hankali, kamar mai jiran a gama.

A ranar Malam Yero ya sa sukundireba ya kwance mabuɗin nan daga allo da hannunsa. Washegari muka koma mu shida, da liman a cikinmu. Kango muka tarar, da kashin awaki. Babu kwano, babu randa. Wayar da ta sauko daga turke kuwa tana nan, ta nutse cikin ƙasa a tsakiyar ɗakin. Ni na hau na yanke ta. Da ta faɗi sai da ta yi motsi kamar wutsiyar ƙadangare.

Ba a sake jin sa a waya ba. Amma masu kiwo sun ce in rana ta take, akan ji wani yana kira daga wajen kangon. Wai muryar wani Bakano ce, mai fara'a, yana cewa a zo a kama masa aiki kaɗan.

Na miƙa musu babban yatsana a cikin duhu. Ladidi ta shafa, ta ji layin ramukan, ta janye hannu.

"Mudi, na ji an ce kana bin dogo kai kaɗai da rana kana yankar wa awaki ciyawa. Ka daina. In dole ne ku tafi ku biyu, kuma ku dawo kafin inuwa ta shige ƙarƙashinku. In kun ji na kira ku daga wajen layi, ko da sunan da nake tsokanarku da shi ne, kada ku amsa."

"To ta yaya za mu san kai ne?" in ji Ladidi.

"Ku ce in fito fili ku ga abin da na taka ƙasa da shi."

Gwaggo ta yi gyaran murya daga ɗaki, ta ce a tashi haka nan, dare ya yi. Ladidi ta naɗe tabarma. Mudi bai tashi ba. Ya kunna tocilan, ya haska ƙafafuna, ya daɗe yana dubawa.